Wai kuɗin suna kan hanya: bayani a kan gudun kuran cikin waya

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau wata magana ce da ta faɗo cikin shirin da nake gabatarwa a gidan rediyo, wadda lokaci bai ishe mu mu ƙare ta ba.

Wata baiwar Allah mai sayar da atamfa a kasuwar Maraɗi ce ta bugo mana salula. Ta ce wani saurayi fes da shi ya zo rumfarta da hantsi, ya zaɓi turmi uku, aka yi ciniki jika 45, watau sefa 45,000. Da aka zo biya sai ya ce ba ya riƙe da kuɗi a hannu, amma wansa da ke Agadas zai turo mata ta salula yanzun nan. Ya buga, suka yi magana a gabanta, ya nuna mata wani saƙo a tasa salular wai an tura. Tata kuwa shiru. Sai ya ce mata, "Haba Hajiya, daga Agadas fa kuɗin suka taso, kin kuwa san nisan wurin. Kafin la'asar za su iso." Ta ga maganar ta yi kama da hankali, tun da ta san mota ma sai ta wuni kafin ta zo daga can. Ya naɗe kaya ya yi gaba. La'asar ta yi, magariba ta yi, gari ya waye. Ranar da take magana da mu kwana tara ke nan, kuɗi ba su iso ba, lambar saurayi kuma a rufe.

Ba ta bugo don a nemo mata ɓarawo ba, wannan ta bar wa Allah. Tambaya ɗaya ta yi mini: "Ɗana, kai da ka yi lakkwal, gaya mini tsakani da Allah, kuɗin da aka turo ta salula awa nawa suke yi a hanya?" Na ce mata, "Inna, ko ƙiftawar ido ba sa yi." Ta yi shiru, ta ce to ashe haka ne. Ga cikon amsar da ban samu damar ba ta ba ran nan.

Gudun da ya fi ƙarfin misali

Duk saƙon da ya bi ta cikin wayar wuta, ko na salula ne, ko na rediyo, ko kuran ɗin da ke kunna ampul a rumfa, dangin haske ne, kuma gudunsu kusan ɗaya. Haske yana cin kilomita dubu 300 cikin daƙiƙa guda, daƙiƙar nan da 60 ɗinta ke yin minti ɗaya. A kan wayoyin da ke shimfiɗe tsirara bisa turaka, saƙon lantarki yana kusan kamo wannan gudu. Cikin wayar da aka lulluɓe da roba yana ɗan raguwa, ya dawo wajen kashi biyu cikin uku, watau kimanin kilomita dubu 200 a daƙiƙa. Haka ma zaren gilashin nan da ake binnewa a gefen hanya domin intanet, shi ma gudunsa ke nan.

Adadi irin wannan ba ya zama a kai sai an gwada shi da abin da aka sani. Daga Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ne. Wanda ya shiga bis da asuba ya san sai dare zai sauka, ƙafafu a kumbure. Saƙon lantarki, ko da ƙaramin gudun nasa muka ɗauka, yana yanke wannan tafiya cikin abin da bai kai kashi biyar cikin dubu na daƙiƙa ba. Kafin ki ƙifta ido sau ɗaya ya je Damagaram ya komo Yamai sau goma. Kewayen duniya baki ɗaya kilomita dubu 40 ne, cikin daƙiƙa guda ya zagaye ta sau biyar.

Mu ma'aikatan rediyo muna zaune da wannan abin mamaki kullum, har mun daina ganinsa. Sauti a cikin iska mita 340 kacal yake yi a daƙiƙa. Kowa ya taɓa hango mace tana daka daga nesa, ya ga taɓarya ta sauka, sai daga baya ƙarar ta iso kunnensa. To idan na yi sallama a gaban makirfo, muddin na'urorinmu ba su riƙe muryar ba, mutumin da ke ƙauye kilomita 60 daga gari da rediyonsa a kunne yana jin sallamata kafin ta isa kunnen abokin aikina da ke zaune taku huɗu daga inda nake. Shi ta iska ta je masa, na ƙauye kuwa waya da eriya suka kai masa.

Yadda aka yi aka gane

Turawa ma sun daɗe suna zaton kuran ba ya ɗaukar lokaci ko kaɗan. A shekarar 1746 wani malamin coci Bafaranshe mai suna Nollet ya jera sojoji 180 a gaban sarkin Faransa Louis na 15, suka riƙe hannun juna, ya sakar musu wutar da ya tara cikin wata kwalba. Gaba ɗayansu suka zabura lokaci guda, ba wanda ya iya cewa na farkon layi ya riga na ƙarshe. Sarki ya sha dariya, amma tambaya ta tsaya: shin babu jinkiri ne sam, ko kuwa idon ɗan adam ne bai isa ya gani ba?

Sai a 1834 wani Bature na Ingila, Charles Wheatstone, ya yi wata dabara da madubi mai juyawa da sauri, ya nuna cewa lalle akwai ɗan jinkiri tsakanin tartsatsin bakin waya da na tsakiyarta. Lissafin nasa ya zarce gaskiya, don ya samu gudun da ya fi na haske, abin da yau aka san ba ya yiwuwa, amma shi ya buɗe ƙofa. A 1850 wasu Faransawa biyu, Fizeau da Gounelle, suka auna a kan wayoyin tangaraho da suka tashi daga Paris, suka samu kimanin kilomita dubu 100 a daƙiƙa cikin wayar baƙin ƙarfe, da kimanin dubu 180 cikin wayar tagulla. Ku duba fa, shekara 170 da wani abu ke nan, ba kwamfuta, ba salula.

Wadda ta fi burge ni cikin masu wannan ilimi mace ce, Grace Hopper, jami'ar sojan ruwan Amurka kuma ɗaya daga cikin iyayen ilimin kwamfuta, wadda ta rasu a 1992. Manyan hafsoshi sun riƙa damun ta da tambayar me ya sa saƙo ta tauraron ɗan adam yake jinkiri. Sai ta riƙa yanko guntayen waya masu tsawon santimita 30, kamar tsawon rular ƴan makaranta, tana raba musu, tana cewa ga iyakar tafiyar da lantarki zai iya yi cikin kashi ɗaya bisa miliyan dubu na daƙiƙa. Ku lissafa irin wannan guntu nawa ne tsakaninku da tauraron. Wannan hali ne na ƴar kasuwa sosai: maimakon dogon turanci, ta ɗora wa mutum kaya a hannu ya auna da kansa.

Ƙwayoyin da tururuwa ta fi su sauri

A nan ne maganar take da daɗi, kuma a nan ne ni kaina na sha mamaki lokacin da muke lise. Cikin kowace wayar tagulla akwai wasu ƴan ƙwayoyi da ido ba ya gani, masana suna kiran su elektoron. Wani Bature J. J. Thomson ne ya gano su a 1897. Motsinsu shi ne abin da muke kira kuran. Mutum zai zaci su ne ke sheƙa gudun nan na kilomita dubu 200. Ina! Ko kusa.

Ɗauki wayar da aka saba sa wa cikin gidaje da shaguna, mai kaurin milimita 1.5, a ce wutar da ke bi ta cikinta ampeya ɗaya ce, kwatankwacin abin da ƙaramin firigo da fanka suke ja. Idan wutar batir ce, wadda ke bin hanya ɗaya ba ta juyowa, ƙwayoyin nan ba su wuce santimita 18 a awa guda, taƙi ɗaya ke nan na hannun babba. Wuni da kwana su yi mita huɗu. Tururuwa ta fi su sauri nesa ba kusa ba, hawainiya ma sai ta yi musu dariya. Da a ce sai ƙwayar da ta tashi daga Yamai ta taka har Damagaram kafin ampul ya kama, da sai an jira fiye da shekara 500.

To yaya aka yi ampul ke kamawa da an taɓa makunni? Amsar tana bakin rijiya. Idan guga yana can ƙasa cikin rijiya mai gaba 20, igiya kuma a miƙe, da kin ja igiyar nan taƙi ɗaya a sama, guga ya motsa taƙi ɗaya a ƙasa nan take. Hannunki bai sauka rijiya ba, igiyar da kika riƙe ma ba ta je ko'ina ba, jan ne ya ratsa igiyar ya isa ƙasa. Haka waya take. Tun ranar da aka ƙera ta a cike take maƙil da ƙwayoyin nan, tun daga tashar wuta har cikin ampul ɗin rumfarki. Makunni ba ya buɗe wa wasu baƙi ƙofa su taso daga nesa, umarni yake bayarwa, umarnin ya ratsa layin da gudu irin na haske, waɗanda ke zaune cikin ampul tun tuni su fara motsi. Ko famfo ma haka ne: in bututu a cike yake, da an murɗa kai ruwa ya zubo, ba sai an jira wanda ke cikin shato ya iso ba.

Wutar NIGELEC kuwa wani abin ta ƙara. Ita ba ta bin hanya ɗaya kamar ta batir ko ta panon hasken rana, kai da komowa take yi, sau 50 a kowace daƙiƙa. Saboda haka ƙwayoyin ba su ma yin tafiyar taƙi ɗayan nan. Makyarkyata kawai suke yi a inda suke, gaba kaɗan, baya kaɗan, tazarar da ko kusa ba ta kai kaurin silin gashi ba. Wata za ta ce, to abin da bai bar wurinsa ba yaya zai yi aiki? Sai in ce, taɓarya fa? Tun safe take hawa tana sauka, ba ta taɓa barin bakin turmi ba, amma hatsi ya daku. Mai keken ɗinki ma ƙafarsa ba ta zuwa ko'ina, ga riga ta fito.

Wannan ya amsa wata gardama da na sha ji a majalisar masu shayi, wai me muke biya a ƙarshen wata. Kontar, watau mitar wuta, ba ƙwayoyi take ƙirgawa ba, don ƙwayoyin naki ne, tare da wayar kika saye su. Ƙarfin da aka kashe wajen girgiza su take aunawa, kamar yadda ake biyan mai daka ladan dakanta alhali turmi da hatsi duk na mai gida ne.

Wutar da ba ta da rumbu

Tun da saƙon yana isa nan take, wutar da kike amfani da ita yanzu, yanzun nan aka yi ta. Layin wuta ba rumbu ba ne, ba ya ajiyar komai. Tun 1976 aka ja babban layi daga Birnin Kebbi zuwa Yamai, wanda ya haɗa mu da wutar Najeriya, ciki har da ta madatsar Kainji da aka gama a 1968. A 1994 aka ja wani daga Katsina zuwa Gazawa domin Maraɗi da Damagaram. Ruwan da ya murɗa injin a Kainji, kafin ya gama faɗawa ƙasan madatsa, ƙarfinsa ya riga ya juya fanka a Yamai.

Mun ga ɗaya fuskar abin a farkon watan Ogusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka zauna a haka har watan Maris na 2024. Da aka buɗe makunni a can, babu wani saura da ya rage cikin waya da za a ɗan lallaɓa da shi, a daƙiƙar nan komai ya tsaya. Masu sayar da ƙanƙara da zoɓo da kifi ba sai an tuna musu ba. Ɗaukewa nan take ce, amma maidowa takan ci lokaci, kuma ba don wutar tana tafe a hankali ba. Ma'aikata ne dole su riƙa haɗa unguwa bayan unguwa, suna daidaita abin da injuna ke bayarwa da abin da gari ke ja, don in aka ɗora wa injin gari ɗungum lokaci guda sai ya sake faɗuwa. Shi ya sa za ki hango wata unguwa ta yi haske ke kina cikin duhu.

Damina da firigo

Ga inda sanin wannan abu zai tsare wa mutum dukiyarsa. Da yawa daga cikinmu sai sun ji tsawa ta fashe sannan su ruga su cire firigo da tele daga bango. Wannan ihu ne bayan hari. In aradu ta faɗa kan layin wuta kilomita uku daga rumfarki, ƙarar tana bukatar wajen daƙiƙa tara kafin ta iso kunnenki. Mugun ƙarfin da ta zuba cikin waya kuwa ya iso cikin kashi ɗaya bisa dubu 100 na daƙiƙa. Kafin ki ji komai, abin da zai ƙone ya riga ya ƙone. Lokacin cire kaya shi ne sa'ad da hadari ya haɗu, iska ta fara kaɗa rumfuna, tun walƙiya tana nesa. Kuma kashe makunni kaɗai bai isa ba, a zare fulogin daga bango, har da wayar eriya.

Akwai lissafi mai sauƙi da ko yaro zai iya. Da kin ga walƙiya sai ki fara ƙirga daƙiƙa har ki ji tsawa. Kowace daƙiƙa uku kilomita ɗaya ce. In ƙirgar tana raguwa daga walƙiya zuwa walƙiya, hadarin ke yake nufowa.

Haka kuma idan an ɗauke wuta, a cire firigo, in ta dawo a ba ta ƴan mintoci ta zauna kafin a mayar. Na'urar daidaita wuta da wasu ke sa wa firigo, wadda ke jira kamar minti uku kafin ta saki wuta, ba lalacewa ta yi ba, da gangan aka yi ta haka don injin firigon ya huce. Na san masu danna maɓallin da ke tsallake jiran nan saboda gaggawa. Ni dai ban ga ribar minti uku da za ta biya kuɗin sabon inji ba.

Sai kuma maganar rai, wadda ta fi firigo. Jikin ɗan adam ma da wani irin lantarki yake aika saƙo, amma jijiyar da ta fi kowace sauri ba ta wuce wajen mita 120 a daƙiƙa. Kafin mutum ya ji abu, ƙwaƙwalwa ta yanke shawara, hannu ya janye, kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ya wuce. Cikin wannan ɗan lokaci saƙon lantarki ya zagaye duniya. Saboda haka masu cewa "bari in ɗan taɓa da sauri in ji ko da wuta" suna wasa da ransu ne, babu mai saurin da zai riga kuran. Abin da ya fi muni, wutar nan mai kai da komowa tana ƙanƙame naman hannu, mutum ya damƙe wayar ya kasa saki. In kun ga wuta ta kama wani, kada a cafke shi da hannu, sai ta haɗa da mai ceton, kamar sojojin Nollet. A ruga a kashe babban makunni na wajen kontar, in ya yi nisa a ture shi da busasshen itace, mai turewar kuma yana tsaye a busasshen wuri. A kasuwanninmu inda wayoyi ke ratsa rumfunan kwano kamar saƙar gizo, wasu an ɗaure su da leda, ya kamata kowane mai rumfa ya san inda makunnin layinsu yake tun kafin ranar bukata.

To ina jinkirin yake fitowa?

Mai karatu zai ce, malam, mun ji, amma ai muna ganin jinkiri da idonmu. Gaskiya ne. Doguwar fitilar neyon takan yi ta ƙifce-ƙifce kafin ta kama, amma wutar ta daɗe da isa, ɗan ƙaramin abin tayar da ita ne ke ɗumama iskar da ke cikin gilashin. Tsofaffin telebijin masu ƙaton baya sai sun yi zafi hoto ke fitowa. Kusan duk inda kuka ga jira, na'urar da ke bakin waya ce ke shiri.

Wuri ɗaya da nisa ke sa jinkirin da kunne zai ji shi ne tauraron ɗan adam irin wanda ke tsaye a sama, wanda kwanonin tele ke kallo. Yana can wajen kilomita dubu 36 daga ƙasa. Hawa da sauka kilomita dubu 72 ke nan, kusan rubu'in daƙiƙa. Tambaya ta je, amsa ta dawo, rabin daƙiƙa ya tafi. Shi ya sa za ku ga wakilin tele a wata ƙasa ya yi tsuru yana gyaɗa kai bayan an gama yi masa tambaya. Rabin daƙiƙa fa na ce, ga wanda ya je sama ya dawo sau biyu. Agadas kuwa tana nan ƙasa tare da mu.

An taɓa yin zamanin da waya da kanta take kawo cikas. A 1858 aka shimfiɗa wayar tangaraho ta farko a ƙarƙashin tekun Atlantika tsakanin Turai da Amurka. Gaisuwar Sarauniya Victoria ta Ingila ga shugaban Amurka, kalma 98, ta ɗauki wajen awa 16 kafin a gama karɓar ta. Ba tafiyar ce ta ci awa 16 ba. Doguwar wayar cikin ruwa tana jiƙe saƙon ne, kowane bugu ya iso a dagule, dole a aika harafi ɗaya a jira ya washe kafin a aika na biyu, a kuma yi ta maimaitawa. Bayan kamar mako uku wayar ta mutu, sai a 1866 aka samu mai ɗorewa. Wannan matsala an daɗe da maganin ta.

Mu dawo kan kuɗin Hajiya. Abin da ya kamata kowane ɗan kasuwa ya riƙe shi ne, idan an turo kuɗi ta salula, babu wata takardar jika da ke tasowa daga wani gari. Kamfanin yana da babbar kwamfuta, cikinta akwai littafi kamar na uwar adashi, kowa da shafinsa. Shafin mai turowa da shafin mai karɓa duk suna cikin littafi ɗaya, a ɗaki ɗaya. Turawa ita ce a rage a wancan shafi a ƙara a wannan. Abin da ke tafiya kawai umarni ne: daga salula zuwa eriyar unguwa ta iska, daga eriya zuwa kwamfutar ta waya ko zaren gilashi, duk da gudun da muka faɗa. Ko mai turowa yana Agadas, ko Diffa, ko yana tsaye a bakin rumfarki, bambancin bai kai ƙiftawar ido ba.

Ba na cewa ba a samun jinkiri na gaskiya. Rezo yakan yanke. Ranar jajibirin salla ko ƙarshen wata kwamfutar takan cika da jama'a, umarni su yi layi kamar masu jiran awo. Wani lokaci kuɗin sun shiga amma ɗan saƙon sanarwa ne ya maƙale. In tsakanin kamfani biyu ne, ko daga wata ƙasa, ko ta banki, akwai bincike da sa hannun da kan ɗauki lokaci. Amma ko ɗaya cikin waɗannan ba shi da alaƙa da nisan gari, kuma ba wanda zai iya yi miki alkawarin cewa "kafin la'asar" za su warware. Duk wanda ya kawo miki hujjar nisa, ko dai bai san abin da yake faɗa ba, ko kuwa ya san ke ce ba ki sani ba.

Saƙon da aka nuna miki a salular mai saye ba shaida ba ce, kowa yana iya rubuta irinsa, yana ma iya turo miki shi daga wata lamba ya yi kama da na kamfani. Shaida ɗaya ce: ki shiga asusunki da hannunki, a taki salular, da lambarki ta sirri, ki ga adadin ya ƙaru. In karatu ya yi miki wuya, ki sa ɗanki ko maƙwabcin rumfa da kika yarda da shi ya duba, ba mai sayen ba, kuma kada lambar sirrin ta fita daga bakinki a gabansa. In ta wurin masu aika kuɗi na kanti ne, sai an je an karɓo an ƙirga. In kuwa rezo ya ƙi, a ɗaure kayan a rubuta sunan mai su a ajiye a ƙarƙashin tebur, in kuɗi sun shigo ya dawo ya ɗauka ko a aika masa da ɗan kabu-kabu.